Tambaya da Amsa: Asalin Karen Azawak, Mafarauci Kuma Mai Gadin Zango

A wannan fitowa mun tattara wasiƙun da masu karatu suka aiko mana a kan dogon karen nan na makiyayan Sahel, wanda duniya ta sani da sunan Azawak. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A kasuwannin arewacin jiharmu, irin su Abalak da Cintabaraden, mukan ga wasu dogayen karnuka ramammu suna bin Abzinawa da Fulani. Ɗana da ke karatu a Faransa ya ce a can ana sayar da irinsu da tsada, har da takardun haihuwa. Mene ne asalinsu, kuma ramar nan tasu ta yunwa ce ko halitta? Daga wani mai karatu a Tawa, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗanka ya gaya maka gaskiya, kuma karen da kake gani a bayan raƙuma shi ne uban gidan waɗanda ake yi wa takardu a Turai. An ba shi sunan Azawak ne daga babban kwarin Azawak, wanda ya shimfiɗu daga yammacin duwatsun Abzin, ya ratsa arewacin jihar Tawa, ya shiga yankin Menaka na ƙasar Mali. A zamanin da Sahara ke da ruwa, wannan kwari hanyar wani babban kogi ne da ke tattara ruwan duwatsun arewa, ya bi ta Dallol Boso, ya zuba a kogin Kwara. Yau kogin ya ƙafe, abin da ya rage shi ne fili mai ciyawa a damina da ƙura a rani, kuma a nan ne wannan kare ya samu siffar da ake ganinsa da ita. Ana samunsa har arewacin Burkina Faso, a wajen Abzinawa da Buzaye da Fulani, da ma Hausawa da Zabarmawan da ke maƙwabtaka da su. Kada a rikita Azawak da Azawad, yankin arewacin Tumbutu da ake yawan ji a labaran rikicin Mali, domin wurare biyu ne daban.

Game da rama kuwa, mafi yawanta halitta ce. Bisa ma'aunin da ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya ta rubuta, namijin Azawak yana kai tsayin santimita 64 zuwa 74 daga ƙasa zuwa kafaɗa, amma nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba, yayin da karyar ke da tsayin santimita 60 zuwa 70 da nauyin kilo 15 zuwa 20. Tsayinsa ya ɗara tsawon jikinsa, abin da ba a cika gani a karnuka ba. Fatarsa siririya ce, gashinsa gajere ƙwarai, cikinsa kusan babu gashi, kuma ko yana cikin ƙoshin lafiya za a ga haƙarƙarinsa uku zuwa biyar da ƙasusuwan kwankwasonsa a fili. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan siffofi tana da aikinta. Dogayen ƙafafu suna nisanta jikinsa daga zafin yashi, suna kuma ba shi dogon taku, rashin kitse da ƙarancin gashi suna sa zafi ya fita daga jikinsa da sauri, faffaɗan ƙirjin nan mai zurfi kuma shi ne mazaunin huhu da zuciyar da ke ɗauke da shi a guje. Yana iya gudun da ya kai kilomita 60 a awa, amma abin da ya fi burge ni shi ne juriyarsa, domin yana iya ci gaba da bin dabba a cikin zafin da zai kayar da yawancin karnukan ƙasashen sanyi. Wannan ba ya nufin cewa duk ramammen karen da ka gani lafiyarsa ƙalau. Idan gashinsa ya yi furu-furu, idanunsa suka faɗa, cinyoyinsa suka zube, to yunwa ce ko tsutsar ciki, kuma haƙƙi ne a kan mai shi ya kula da shi.

Aikinsa biyu ne, kuma wannan shi ya bambanta shi da sauran karnukan gudu na duniya. Da rana mafarauci ne mai aiki da ido fiye da hanci: yana hango barewa ko zomo daga nesa, ya tashi a guje tare da 'yan'uwansa, su yi ta bin dabbar har ta gaji, sa'an nan su banke ta ta faɗi kafin maharbi ya iso a kan raƙumi ko doki ya yanka. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, to a Azawak kare ne ke cin gudun a madadin ubangidansa. Da dare kuwa mai gadi ne, yana kwana kusa da tanti da garken awaki, idan ya ji motsin kura ko dila ko baƙon da bai sani ba sai ya yi haushi, sauran karnukan zangon su taru su fuskanci abin tare. A rayuwar makiyayi ta yau da kullum gadin ya fi farautar muhimmanci, domin ba kowace rana ake fita farauta ba, amma kowane dare akwai abin da ke neman ɗan akuya.

Tambaya: Malam, na ji wasu na cewa wannan kare jinin dila ne, wasu kuma na cewa shi ne karen Fir'aunan Masar, wasu suka ce Larabawa ne suka kawo shi. Wanne ne gaskiya? Daga wata ɗaliba mai nazarin tarihi a Zariya.

Amsa: Malama, bari mu fara da wanda ya fi sauƙi. Azawak ba jinin dila ba ne. Binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa duk karnukan gida na duniya, daga ƙaramin karen da ake ɗauka a hannu har zuwa wanda ya kai ɗan maraƙi, sun fito ne daga wani tsohon jinsin kyarkecin nahiyoyin Asiya da Turai, wanda ɗan Adam ya saba da shi aƙalla shekaru 15,000 da suka wuce, tun kafin a fara noma ko kiwon tumaki. A shekarar 1914 an tono wani kabari a Oberkasel, kusa da birnin Bon na Jamus, inda aka samu kare an binne shi tare da mutum biyu, kuma an ƙiyasta shekarun kabarin da kimanin 14,000. Afirka ba ta cikin wuraren da aka fara sabawa da kare. Ya shigo mana ne daga baya ta kusurwar arewa maso gabas, wato ta Masar, kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, a zamanin da awaki da tumaki su ma suke shigowa daga Gabas ta Tsakiya.

A lokacin nan Sahara ba hamada ba ce. Daga kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce tana da tafkuna da koguna da makiyaya, tafkin Cadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa, kuma mutane suna kiwon shanu a wuraren da yau ko ƙaya ba ta tsiro. Shaidar wannan tana nan a zane a jikin duwatsu. A Dabus, arewa da Agadas, akwai sanannen zanen raƙuman dawa da aka sassaƙa a kan dutse, a duwatsun Tasili na kudu maso gabashin Aljeriya kuma akwai dubban zane-zane na makiyaya da shanunsu, da maharba tare da karnuka suna bin namun daji. Da ruwa ya janye, sai makiyaya suka yi ta gangarowa kudu da dabbobinsu da karnukansu, har suka tsaya a iyakar da ciyawa ke samuwa, wato Sahel. A ganina nan ne ya kamata a nemi tushen Azawak: tsohon karen makiyayan Sahara ne da ya bi masu shi zuwa kudu, ya zauna ɗaruruwan shekaru a ƙasar da ba ta yafe wa rago, har ya zama abin da ya zama.

Maganar Fir'auna tana da ɗan abin kamawa, amma an zuzuta ta. Gaskiya ne Masarawan dā sun zana dogayen karnukan farauta masu siririn ciki a kaburburansu, kuma wani sarkinsu mai suna Intef na Biyu, wanda ya yi mulki kimanin shekaru 4,000 da suka wuce, ya sa an sassaƙa hotonsa tare da karnukansa, kowanne da sunansa. Amma kamanni ba shi ne nasaba ba. Duk inda ɗan Adam ya buƙaci kare mai kama dabba a fili da gudu, sai ka ga ya ƙare da kare mai dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji. Wani babban bincike da masana a Amurka suka wallafa a 2017, wanda ya duba ƙwayoyin gadon ire-iren karnuka 161 ya kasa su rukuni 23, ya nuna haka a fili. Karen tseren Ingila, wanda ke kama da Azawak a ido, ya faɗa rukuni ɗaya da karnukan kiwon tumaki na Birtaniya, yayin da Azawak ya faɗa wani rukunin dabam tare da Sulugi na Arewacin Afirka, da Saluki na Gabas ta Tsakiya, da karen Afganistan, da kuma manyan karnukan gadin garke na ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. Wannan sakamako ya dace da abin da makiyayi ya riga ya sani, cewa a cikin jinin karensa akwai farauta, akwai kuma gadi.

Dangane da Larabawa, babu shakka Azawak ɗan'uwa ne ga Sulugin Maroko da Aljeriya da Tunisiya, kuma ayarin fatake da suka yi ta ratsa Sahara tsakanin Arewacin Afirka da Agadas da Gawo da Tumbutu za su iya kawo karnuka su kuma tafi da wasu. Sai dai zanen duwatsu ya nuna akwai karnukan farauta a Sahara dubban shekaru kafin zuwan Larabawa a ƙarni na 7, saboda haka ba daidai ba ne a ce su suka kawo shi. Ko a siffa ma akwai bambanci: Azawak ya fi Sulugi tsayin ƙafa da gajartar baya, kwankwasonsa kuma yakan yi daidai da kafaɗarsa ko ya ɗan ɗara ta.

Akwai wani abu da ba zan tsallake ba, domin shi ne ainihin abin da ya gina wannan iri. Karyar Azawak a mafi yawan lokaci sau ɗaya take ɗaukar ciki a shekara, ba sau biyu kamar yawancin karnuka ba. Idan ta haihu, makiyaya da yawa ba sa barin duk 'ya'yan, sukan zaɓi ɗaya ko biyu da suka fi ƙarfi, tun da nonon da geron da za a ciyar da kare daga bakin iyali ake rage su. Wanda aka bari kuma sai ya tsallake yunwar rani da cututtuka da haƙoran kura kafin ya kai ga barin zuri'a. Al'ada ce mai tsauri wadda zuciya ba ta jin daɗinta, amma wannan tankaɗe da rairaya da aka yi ta yi, zamani bayan zamani, shi ya fitar da kare mai lafiya da juriya ba tare da an rubuta sunan uban kowa a littafi ba.

Tambaya: To yaya aka yi ya isa Turai, har ya zama su ne ke ba shi takarda? Daga wani ma'aikacin gwamnati mai ritaya a Maraɗi.

Amsa: Ranka ya daɗe, zuwansa Turai sabon abu ne ƙwarai, a farkon shekarun 1970 ne. Ta hanya biyu ya shiga. Ta farko ita ce wani jami'in jakadancin tsohuwar ƙasar Yugoslabiya da ya yi aiki a Burkina Faso, lokacin ana kiranta Hot Bolta, wanda ya koma gida da karnukan da ya samu daga hannun makiyaya. Ta biyu kuma ita ce sojoji da ma'aikatan Faransa da suka yi aiki a Mali da Nijar, waɗanda suka tafi da nasu. Ya kamata a lura cewa a al'adar manyan Abzinawa kare mai kyau ba abin kai wa kasuwa ba ne, kyauta ake yi da shi ga wanda ake girmamawa, shi ya sa karnukan farko da suka fita kaɗan ne.

Da farko Turawa sun ɗauke shi wani nau'i ne na Sulugi, suka yi ta yi masa rajista a ƙarƙashin wannan suna. Sai a farkon shekarun 1980 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, wadda ake kira FCI, da aka kafa a 1911 kuma take da hedikwata a Beljiyam, ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa, ta ba shi lamba 307 a rukunin karnukan da ke farauta da ido. A takardar an rubuta cewa asalinsa iyakokin Mali da Nijar ne, amma ƙasar da aka ɗora wa kula da ma'auninsa ita ce Faransa. Ya isa Amurka a tsakiyar shekarun 1980, aka haifi 'yan kwikwiyo na farko a can a 1987, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ba ta ba shi cikakkiyar rajista ba sai a watan Janairun 2019.

Ita kanta al'adar rubuta nasabar kare ba tsohuwa ba ce. An yi bajekolin karnuka na farko irin na zamani a Niyukasil ta Ingila a 1859, aka kafa ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila a 1873, ta Amurka kuma a 1884. Karen 'yan sandan nan na Jamus da mutanenmu ke kira Alseshan, a 1899 aka fara yi masa rajista. Idan aka auna da wannan, za a ga cewa suna da takarda ne kawai sababbi a tarihin Azawak, shi kansa karen ya riga su da ƙarnoni masu yawa.

Takardar ta yi amfani, domin ta sa duniya ta san shi, amma ta zo da illa biyu. Ta farko ita ce launi. Saboda karnukan farko da suka isa Turai ja ne ko ruwan ƙasa, masu fari a ƙafafu da ƙirji da bakin wutsiya, sai aka rubuta cewa haka Azawak yake, alhali duk wanda ya zaga zangunan makiyaya ya san akwai wasu launuka da dabbare-dabbare da ba su shiga wannan ma'auni ba. A nan Amurkawa sun fi dacewa, domin nasu ma'aunin bai ɗauki launi abin damuwa ba. Illa ta biyu ita ce ƙarancin tushe. Idan aka gina zuri'a daga karnuka 'yan ƙalilan, aka yi ta haɗa dangi da dangi, cututtukan gado sukan bayyana, kuma an ga farfaɗiya a wasu zuri'o'in da aka kiwata a Turai. Wannan ne ya sa masu kiwo daga can suka riƙa komowa Sahel neman sabon jini, abin da ya nuna cewa asusun wannan iri yana nan a hannun makiyayi.

Tambaya: Malam, Abzinawa da Fulani Musulmi ne, mu kuma mun taso muna jin cewa kare najasa ne. Ta yaya suke zama da shi har suna girmama shi? Daga wata uwargida a Katsina.

Amsa: Hajiya, babu karo tsakanin addininsu da karensu, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suka sa irin ya ɗore. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, Allah Ya halatta cin abin da dabbobin farauta da aka horar suka kamo, idan an ambaci sunan Allah. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan ajiye kare, waɗanda suka ce ladan mai shi yana raguwa kowace rana, su da kansu sun togace karen farauta da na kiwo da na gona, Azawak kuwa ya haɗa biyu daga cikin ukun. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar Hausa da Sahel baki ɗaya, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sha a ciki ana yin sa ne don bin umarni. Sauran mazhabobi suna da nasu ra'ayin mai tsauri fiye da haka, kuma daga nan ne maganar da kika taso kina ji ta samo tushe. Malaman Malikiyya sun kuma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye karen gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka yi masa magana sai ya amsa cewa da Imamu Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. A Risalar ce kuma aka kawo hani ga sayar da karnuka, tare da saɓanin malamai a kan sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa, abin da ya yi daidai da al'adar makiyaya ta bayar da kare kyauta. Don cikakken hukunci a kan halin da kike ciki, ki tuntuɓi malamin da kika amince da iliminsa.

Tambaya: Ni ɗan farauta ne, kuma karnukanmu na nan gida suna ɗan kama da wanda kuke bayani. Shin iri ɗaya ne? Kuma idan na samu Azawak, zai yi mini gadin gida a cikin gari kamar manyan karnukan da ake shigowa da su daga waje? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, karnukan farautar ƙasar Hausa da Azawak maƙwabta ne, kuma a garuruwan da manoma da makiyaya ke haɗuwa babu katangar da ta hana su cuɗanya, shi ya sa yayin da mutum ke ƙara yin arewa yake ganin karnuka suna ƙara tsayi da sirantaka. Amma karen gida na Gusau ko Kano ya fi gajarta, ya fi cika, kuma ya saba da farautar daji mai sarƙaƙiya inda ake aiki da hanci da taron jama'a da gora, ba tseren fili ba. Kada wannan ya sa ka raina naka. Akwai darasi a tarihin wani kare na kudancin Afirka mai tsiri a gadon baya, wanda aka rubuta ma'auninsa a Bulawayo ta Zimbabuwe a 1922. Turawan da suka zauna a kudancin Afirka sun ga karnukan da suka zo da su daga Turai ba sa jure zafi da kaska da cututtukan ƙasar, sai da suka haɗa su da karnukan 'yan ƙasa, wato mutanen Koikoi, kafin suka samu karen da ke iya tsare zaki har maharbi ya iso, ya kuma yi gadin gona. Jinin karen ƙasa ne ya ba shi abin da ake yabonsa da shi yau.

Batun gadi kuwa, Azawak mai gadi ne na gaske, amma irin nasa gadin daban ne. Yana shaƙuwa da mutanen gidansu ƙwarai, ba ya sakin jiki da baƙo, kuma kunnensa da idonsa ba sa barci, saboda haka wajen faɗakarwa da wuya a fi shi. Sai dai mai nauyin kilo 25 ba zai yi kokawa da ɓarawo kamar karen Burbul na Afirka ta Kudu, wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Abu mafi muhimmanci shi ne ba a halicce shi don ɗauri ba. Karen da kakanninsa suka yi ta gudu a filin da ido ba ya ganin ƙarshensa, idan aka ɗaure shi da sarƙa a lungun gida dare da rana, zai lalace, ya zama matsoraci ko mai cizo. Duka ma ba ya gyara shi, sai dai ya sa ya daina yarda da kai. Idan ba ka da fili mai katanga da lokacin fita da shi ya yi gudu kullum, ka bar shi a inda yake. Idan kuwa kana da su, za ka samu kare da ya fi dacewa da zafinmu fiye da masu kaurin gashin da ake sayowa da kuɗi masu yawa, su wuni suna haki a watan Afrilu. Ka tanadar masa abin kwanciya a lokacin hunturu, domin ba shi da kitsen da zai kare shi daga sanyi. Ko wane irin kare ka ajiye, ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka tun yana wata 3, a kuma riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara.

Tambaya: Shin har yanzu ana farauta da shi kamar dā, ko irin yana ƙarewa? Daga wani malamin makaranta a Agadas.

Amsa: Malam, kai da ke Agadas ka fi mu ganin yadda daji ya koma. Farautar da ta gina wannan kare ta ragu ƙwarai, domin namun da yake bi sun ƙare ko sun kusa. Mariri, wanda a dā yake yawo garke-garke a Sahel, an bayyana a shekarar 2000 cewa ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mayar da shi ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Babbar barewar nan mai fari da ja ta kusa ƙarewa, jimina ma ta ɓace daga mafi yawan wuraren da aka san ta. Ba kare ne ya jawo wannan ba, domin ya yi ƙarnoni yana farauta namun suna nan. Bindigogin zamani da motoci masu ratsa yashi ne suka share daji cikin 'yan shekaru, sai kuma farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 da na 1984, wanda ya kashe dabbobin makiyaya ya tura iyalai da yawa zuwa gefen birane. Iyalin da ya rasa garkensa ba shi da nonon ba kare, ba shi kuma da abin da karen zai tsare. Tawayen shekarun 1990 da na 2007, da rikicin da ya ɓarke a arewacin Mali a 2012 ya bazu zuwa iyakokin Nijar da Burkina Faso, sun ƙara tarwatsa zangunan da suke matattarar irin.

Duk da haka Azawak bai ƙare ba, kuma abin da ya riƙe shi shi ne aikinsa na biyu. Muddin akwai makiyayi mai awaki a Tasara ko Tiliya ko Ingal, akwai dila mai zagaya garke da dare, to akwai buƙatar mai gadi, zomo kuma yana nan don farautar yara da samari. Haɗarin da na fi jin tsoro shi ne narkewa a hankali, wato karnukan zango su yi ta cuɗanya da na gari har siffar ta ɓace ba tare da kowa ya lura ba. Abin da nake ganin ya dace shi ne jami'o'in Yamai da Tawa da Agadas, tare da ma'aikatar kiwo, su ɗauki wannan kare yadda aka ɗauki saniyar Azawak, wadda aka keɓe wa tashar kiwo a Tukunus don kare irinta, da jar akuyar Maraɗi: a zaga zanguna a ƙidaya, a ɗauki hotuna, a rubuta abin da dattawan makiyaya suka sani game da zaɓen kwikwiyo da horar da shi, a kuma haɗa karnuka cikin rigakafin da ake yi wa dabbobi a taron shan gishiri na Ingal, inda makiyaya ke haɗuwa kowace shekara a ƙarshen damina.